Ɗauko Ɗiyar Takwara daga Tamanrasset

Kofunan shayi ne suka fara kaɗawa a kan faranti, ƙir-ƙir-ƙir, kamar wani na taɓa su da cokali. Ina durƙushe ina zuba wa Malam kunu, sai na ga ashe salularsa ce da ya ajiye a gefen farantin take rawa. Safiyar Litinin ce, yara sun tafi lekkol, makarantar boko. Hannunsa da maiƙon ƙosai, sai ya ce in danna masa. Muryar wata mata ce, Hausar Maraɗi, tana haki: "Salamu alaikum. A gaya ma iyalan Zabairu Mati ya faɗo daga bene nan Tamanrasset. Shina asibiti, bai san wanda ke kansa ba."

Na dubi Malam. Ga shi zaune a tabarma da madubin idonsa, lafiyarsa ƙalau. Sunan da matar ta faɗa kuwa nasa ne. Na rubuta shi a nan ne don rubutu ba kira ba ne. Shekara goma sha tara da aurenmu, har zuwa wannan safiyar sunan bai taɓa fita daga bakina ba.

Tunda muka dawo, matan makarantarmu ta Islamiyya ba su bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan a gidan suna: yaya hanyar, me suke ci, da gaske ne sanyinsu na fasa leɓe? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ta tafi da rabi. To ga shi nan gaba ɗaya, yadda na gani.

Wanda ya faɗo ɗin takwaran Malam ne, ɗan kokowa, wanda mutanen Damagaram suka fi sani da Kututture. Ba su haɗa dangi ba. Su biyun dai 'yan wajen Mirya ne, sunan uba ɗaya, kuma da yake a gida aka haife su, sai da suka girma aka yi musu takardar haihuwa. Duk wanda ba a san ranarsa ba kuwa, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa. Shekarar ma ta zo ɗaya. A takarda mutum guda ne. A ido kuma, Malam siriri ne, shi Kututture sai ya karkata kafin ya shige ƙofar zaurenmu.

Malam ya fara aikin rediyo da karanta sanarwar suna da ta rasuwa, aka mai da shi sashen labarai, daga baya ya zama shi ke zama a bakin filin kokowa yana faɗa wa masu saurare abin da ke gudana. A shekarun ne takwaransa ya taso. An taɓa kawo mana tunkiya har gida, wai tukwicin kaye. An kuma taɓa zuwa da zagi ranar da ya faɗi: wani tsoho ya tsaya a ƙofa yana cewa a fito masa da wanda ya ba jiha kunya. Malam ya fita da buta a hannu. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ai ba mamaki."

Kututture bai taɓa ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa ba. Ya kusa, sai kafaɗa ta goce, aka ɗaure, ta sake gocewa. Makaɗa suka koma bayan wasu ƙarti. Malam na nan kan kujerarsa a rediyo, shi kuwa ya kwashi matarsa da jaririyarsu ya yi arewa aikin gini. Matar ta rasu can shekara biyu da suka wuce.

Bayan kwana uku wani saƙon ya shigo, wannan karon muryarsa ce, ƙasa-ƙasa. "Takwara, bayana ya karye, ba na jin ƙafafuna. Ɗiyata Hamsatu na hannun mutane. Ka zo da Maman Fati ku ɗauke ta. Kai kaɗai za ka iya. In ka zo zan gaya maka dalili."

Maman Fatin ni ce. Danginsa da suka rage, wata gwaggo ce a ƙauye da ba ta gani. Malam sai juya salular yake a hannu. Ni ce na ce, "Malam, yarinya ce fa, ba uwa." Muka kai yaranmu uku wurin Iya, mahaifiyarsa, muka ɗauki hanya.

Daga Damagaram zuwa Agadas babbar mota ce, ta Tanut da Aderbisinat, ba abin faɗa sai ciwon baya. A Agadas neman biza ya cinye mana kwana shida, kullum sai Malam ya dawo ya ce gobe. Kowace safiya ina sa shi ya kira matar nan mai Hausar Maraɗi, Hajiya Gambo, in ji ko mara lafiyan na da rai. Bizar da aka ba mu ta 'yan kwanaki ce, ta dubiya.

Hanyar Arlit kuwa, kwalta ce da ta gaji ta koma rami-rami. Daga Arlit ma babu kwaltar. Sai aka jera motoci, sojoji a gaba da baya, aka shiga rairayi. A nan robar yajin da na ƙunso wa mara lafiya ta buɗe a cikin jaka. Mutum tara a mota, kowa na atishawa, direbanmu Ba'abzine ya tsaya ya sauke rawaninsa yana share hawaye, ya ce, "Hajiya, in yaƙi kika zo yi da Aljeriya, ki bari mu isa tukuna." Shi ne kuma da rana ya kwaɓa fulawa ya binne a cikin toka da yashi mai zafi, ya tono ta ta zama gurasa, suna ce mata tagilla. Na ci ina jiran in tauna tsakuwa, ban tauna ba. Sallolin ranar duk da taimama muka yi su.

Kusa da Asamaka dariya ta ƙare. Muka ga mutane na tahowa a ƙasa daga wajen iyaka, waɗanda aka maido, maza da mata da ƙananan yara, wasu ba takalmi. Na miƙa wa wata mata gorar ruwana. Ta sha, ta ba na bayanta, ta dube ni ta ce, "Yara nawa za ki shiga da su?" Na ce ni ɗauko ɗaya zan yi. Ta ce, "Allah ya sa takardarki ta cika." Direban ya yi mini bayani: an sha kama mata daga wajenmu da 'ya'yan mutane, an kai su bara, shi ya sa duk macen da aka gani da yaro sai an juye ta ciki da waje, shiga ko fita.

Safiyar Laraba muka shiga buron iyaka na In Gezzam, wato ofishin hukumar Aljeriya. Wani jami'i Balarabe ya buga sunan Malam a na'ura, ya tsaya, ya sake dubawa, ya kira wani. Ba hayaniya suka wuce da Malam ɗaki na gaba. Ni aka zaunar da ni a gaban tebur, aka kawo wani Ba'abzine mai kaki da ke jin Hausa. Shi ya gaya mini cewa mai wannan sunan, da wannan ranar haihuwar, an taɓa fitar da shi daga ƙasar shekarun baya don ba shi da takarda. Na gane Kututture ne. Na fara bayani, ya ɗaga hannu.

"Sunan mijinki?"

"Yana cikin fasfo."

"Ke ake tambaya."

"Malam," na ce. "Baban Fati."

Balaraben ya ajiye alƙalami ya zuba mini ido. Mai fassarar ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, ni na san al'adar, shi bai sani ba. A wurinsa matar da ta kasa faɗin sunan mijinta ba matarsa ba ce." Na roƙi a ba ni takarda in rubuta. Aka ce da baki. Na runtse ido na faɗa kamar na yi sata.

"Sunan uwarsa?"

Nan ne kaɗai takardun mutanen biyu suka bambanta, ashe. Kaina ya ɗauke. Iya dai Iya ce; jikoki Iya, maƙwabta Iya, ban taɓa jin wani ya kira ta da wani abu ba. Ina ta salati a zuci. Can sai na tuna koriyar jakar da ta je Makka da ita, tana bisa durowarta, an rubuta suna da farin fenti. Sau nawa na goge mata ƙura! Na ce, "Zuwaira." Aka rubuta. Aka tambayi yaranmu nawa, na lissafa su da sunayensu, na ga yana rubutawa ɗaya bayan ɗaya.

Suka ɗauki hoton yatsun Malam, suka ce sai amsa ta zo. Suka tambaye shi ko aikin jarida ya zo yi, ya buɗe musu jakarsa, ba na'urar ɗaukar magana, sai kaya da kilishi mai warin yaji. Ba su wulaƙanta mu ba, har shayi suka ba ni. Amma amsar ba ta zo ba sai bayan la'asar, motarmu ta riga ta tafi. Da Malam ya fito, maimakon ya yi maganar wahalar da ya sha, sai ya ce, "Bangon nan ba kauri. Ashe kin iya faɗa." Na ja mayafi na rufe fuska. A garin muka kwana, ban san kwanan nan guda zai zame mana abin da ya zama ba.

Daga In Gezzam kwalta ce sumul. Ranar Alhamis da la'asar muka shiga Tamanrasset, duwatsu baƙaƙe a bayanta, iska mai sanyi kamar an buɗe firij. Hajiya Gambo na sayar da atamfa da turare a kasuwa, gidanta na unguwar Tahaggart, kuma a ɗakin bayan gidan ne Kututture ke zaune. Gidajensu ba zaure, ƙofar ƙarfe ce a kulle. Ba kamar mu ba da maƙwabciya za ta yi sallama tana tsakar gida. Komai da burodi ake ci. Ta zubo mana wani romo mai tsakin alkama, shorba, na zauna ina jiran tuwon da za a ci da shi, ashe shi ke nan abincin.

Hamsatu na bayan labule tana leƙe. Shekararta shida, siririya, amma goshin da kafaɗun na ubanta ne sak. Kanta ya cukurkuɗe. Hausarta rabi Larabci ce. Da na miƙa mata hannu sai ta ce "Halti," wato gwaggo, ta koma bayan labulen. Hajiya ta ce tun da uban ya faɗo ba ta bar ta ta taka waje ba, don ana kame a unguwa, in aka ɗauke ta ba uwa ba uba, ba wanda ya san motar da za a saka ta.

Kafin magariba muka je asibiti, ni da Malam da Hajiya. Na ga Kututture a fili, na gan shi a zaurenmu, amma wanda ke kan gadon nan sai da na nemi goshin kafin na yarda. Ya buɗe ido ya ga Malam.

"Takwara, har yanzu ba a ba ka abinci a gida?"

"Kai da ake ba ka, ga shi an kayar da kai ba alƙali."

"Siminti ne. Ba ya bin doka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa, ya ce a ɗaga matashinsa. Wata takarda ce a cikin leda, takardar haihuwar Hamsatu. Ya ce Malam ya karanta sunan uba.

"Ka gani? A takarda ɗiyarka ce. Ba wanda zai tsaya bincike in sunan ya yi daidai da na fasfonka. Uwarta ta rasu, wannan gaskiya ne. Gobe bayan Juma'a akwai motar 'yan kasuwa mai zuwa kudu, Hajiya ta san direban. Ku ɗauke ta ku tafi. Shekara nawa sunan nan na ja maka tunkiya da zagi, bari ya yi aiki sau ɗaya."

Malam ya ce to, to, Allah ya ba da lafiya. Ni kuwa muna fitowa bakin ƙofa na tare shi.

"Malam, ba zan iya ba."

"Sa'a, wa ya ce ki yi magana? Ni zan yi."

"Za ka dubi hukuma ka ce ɗiyarka ce?"

"Zan miƙa takarda. Abin da ke cikinta ba ƙarya."

"Allah ya san wanda ake nufi da sunan. An karantar da mu nauyin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Kuma jiya a gabana mutumin nan ya rubuta yaranmu uku da sunayensu. Daga ina ta huɗu ta fito a kwana biyu?"

Ya ce to gobe da safe mu je buron ƙasarmu da ke garin, a yi takardar izinin uba, a ba yarinyar takardar wucewa. Hajiya Gambo ta tafa hannu.

"Gobe? Wane gobe? Nan Juma'a da Asabar ne hutu, ba Asabar da Lahadi ba. Buro sai Lahadi. Kuma likita ya ce Lahadi da hantsi jirgi za shi ɗauke shi arewa a yi mai aiki, in ya kai. Da jiya kunka iso da an gama."

Ba wanda ya taɓa gaya mana. Mun lissafa kwanakinmu da kalandar gida.

Ta matso kusa da ni. "Ke Maman Fati, ki ji da kyau. In kunka je buro kunka ce ba ɗiyarku ba ce, kun rufe waccan ƙofa da hannunku. In ya cika bai sa hannu ba, sai an nemo dangi daga gida, bizarku ta ƙare, ku tafi ku bar mini ita a bayan labule. Ni shekara ashirin ina garin ga, na ga masu takarda sun kwana a hanya, na ga marasa ita sun wuce. Ustazanci a Damagaram aka baro shi."

"Hajiya, in aka kama mu da ita a iyaka fa? Mu a rufe mu, ita a kai ta ina?"

"In, in, in! Ke dai ki ce tsoro kike ji."

"Ina ji," na ce. "Na Allah da na mutanen nan, duka biyun."

Malam ya dube ni. Sannan ya ce wa Hajiya ta sallami direban.

Ranar Juma'a garin ya yi tsit, kantuna a rufe, ko mai burodi sai da sassafe. Bayan an sauko masallaci kowane gida kuskus ake ci, wata maƙwabciya Balarabiya ta miƙo mana akushi ta kan katanga, da kabewa da nama a sama. Ina ci na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofa, ta yi oda sau biyu, ta wuce. Hajiya ba ta dube ni ba. Motar 'yan kasuwar ce.

Na ɗora ruwa a gas na wanke wa Hamsatu kai. Sai da na yi awa biyu ina tsefewa da man zaitun, ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, sai dai ta damƙe gwiwata in ya yi zafi. Na yi mata kitso shuku irin na Fati. Ta tambaye ni ko a garinmu akwai akuya, na ce har uku gare mu. Ta ce ita ba ta taɓa taɓa akuya ba.

Ranar Asabar muka koma asibiti, muka tarar zazzaɓi ya rufe Kututture. Bai gane Malam ba. Yana ta kiran sunan matarsa, yana cewa a ɗaure masa guru. Hajiya ta tsaya a ƙarshen gadon ta harɗe hannu, da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. A sallar la'asar na daɗe a sujada. Ban roƙi ya warke ba, kunya ta hana ni ɓoye wa Allah abin da ke raina: na roƙi ya kai gobe da hankalinsa. Na kuma ce, in taurin kaina ne na sa wa rigar addini, kada a kama yarinyar nan da laifina.

Lahadi tun kafin a buɗe muna bakin buro. Wanda ya saurare mu wani dattijo ne ɗan Tawa. Ya jera fasfon Malam da takardar yarinyar a tebur, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce, "To ina matsalar? Ba kai ne uban ba?"

Malam ya gyara madubinsa ya ce, "Ba ni ba ne. Takwarana ne." Ya ba shi labari a taƙaice.

Dattijon ya ce shi ma ya sha jin kokowar Kututture a rediyo. Ya cika takardu, ya sa tambari da tawada a jaka, ya ce zai bi mu, amma da sharaɗi: sai uban ya amsa da bakinsa a gaban shaidu biyu. In bai amsa ba, ba abin da zai iya.

Muka biya muka ɗauki Hamsatu, Hajiya ta lulluɓe ta a cikin mayafinta a bayan tasi. A asibiti har an sauya wa Kututture gado zuwa mai taya, an rataya ledar ruwa. Wata ma'aikaciya ta nuna mana agogon hannunta, ta ɗaga yatsu goma, wato saura minti goma. Idonsa a rufe.

Dattijon ya kira sunansa, shiru. Hajiya ta girgiza kafaɗarsa, shiru. Na kama ƙarfen gadon. Dattijon ya fara mai da alƙalaminsa aljihu.

Sai Malam ya cire hularsa ya miƙa mini. Ya sunkuya daidai kunnensa, ya gyara murya, ya saki irin muryar da ban taɓa ji a gida ba sai a rediyo: "Jama'a masu saurare, fili ya cika, makaɗa sun ɗauka! Ga shi nan ya taso daga gabas, ɗan Mirya, Kututture! Ya zubar da ƙasa, ya shigo da'ira!"

Marasa lafiya na sauran gadaje duk suka juyo. Ma'aikaciyar ta buɗe baki za ta hana, sai muka ga fatar idonsa na motsi. Ya buɗe, ya ƙura wa rufi ido, ya ce, "Da wa aka haɗa ni?"

"Da takarda, Takwara. Ka daure, minti biyu ne."

Dattijon ya matso da sauri. Ya tambaye shi sunansa, da na uwarsa, da na ɗiyarsa, ya amsa ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Ka yarda ka damƙa Hamsatu ga wannan mutum da matarsa su kai ta gida su riƙe ta?" Ya juyo ido ya neme ni. Ya ce, "Maman Fati ta ƙi dabarata ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Na yarda." Hannunsa bai iya riƙe alƙalami ba, aka shafa wa babban yatsansa tawada. Yatsan ya fi gidan da aka zana masa girma, ya cinye har layin ƙasa. Hajiya da wani ɗan ƙasarmu mai jinyar ɗan'uwansa suka sa hannu.

Ba a shiga da yara ɗakin, amma ma'aikaciyar ta kau da kai, Hajiya ta shigo da Hamsatu. Ya shafa kitson, ya ce wa ya yi mata, ta nuna ni. Zazzaɓin ya fara dawo masa, maganarsa na haɗuwa. Ya jawo kanta ya raɗa mata wani abu a kunne, tana gyaɗa kai. Aka tura gadon.

Ranar Talata muka samu mota. Hajiya Gambo ta cusa mini dabino da turare a jaka, ta ce, "Taurin kanki ya yi rana, amma kada ki saba." Muka rungume juna muna kuka.

Muna shiga In Gezzam saƙonta ya iske mu. Malam ya kara salular a kunne, ya saurara, ya sauke. Ya dubi Hamsatu da ke barci a cinyata, ya dube ni, ya ce a hankali, "Inna lillahi." An yi aikin, bai farfaɗo ba. 'Yan ƙasarmu da ke can arewa suka yi masa sutura. Bayan mun dawo Malam da kansa ya karanta sanarwar a rediyo, wasunku har kun zo mini gaisuwa da kuka kafin ku ji ƙarshenta, kuna zaton mijina ne. Amma a ranar, muka yi shawara da ido cewa ba za mu gaya wa Hamsatu a hanya ba.

Buron dai shi ne, Balaraben shi ne, mai fassarar ma shi ne. Ya ce, "Hajiya mai kunya, an dawo?" Sai ya ga yarinyar, fara'arsa ta ragu. Balaraben bai karɓi takardar da Malam ke miƙa masa ba. Ya zagayo ya durƙusa a gaban Hamsatu, ya nuna Malam, ya tambaye ta da Larabci. Ko ba fassara na gane tambayar.

Ta dubi Malam, ta girgiza kai. Ta yi wata magana, mai fassarar ya ce, "Ta ce ba shi ba ne. Babanta na cikin jirgi."

Balaraben ya miƙe, fuskarsa ta canza. Ya koma na'ura ya duba, ya ɗaga yatsu uku yana kallona. Na karɓi ledar takardun daga hannun Malam na ajiye masa a tebur da hannu biyu. Ya karanta takardar dattijon tun daga sama har ƙasa, ya kai ta wajen taga ya duba tambarin, ya tsaya a kan yatsan nan da ya cinye layi. Ya ɗauki waya ya yi magana mai tsawo. Ina riƙe da hannun Hamsatu, ban san ina matse shi ba sai da ta ce wayyo. Can ya dawo, ya buga tambari sau uku, ya ciro alewa daga aljihu ya ba ta.

Muka fito muka zauna a inuwar katanga muna jiran motar Asamaka. Malam ya koma gefe ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa na motsi. Hamsatu ba ta buɗe alewar ba. Ta daɗe tana juya ta a hannu, sannan ta ja bakin mayafina, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Halti, na yi laifi. Baba ya ce in an tambaye ni in ce wannan ne babana, sai na manta. Kar ki gaya masa, kin ji?"